DAGA BAKIN FENSIR ZUWA BUHUN SIMINTIN MALBAZA

Duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci a Birnin Ƙwanni ko Illela ya riƙa fensir, amma kaɗan ne suka san abin da ke bakinsa. Baƙin nan sunansa girafit, asalinsu ɗaya da gawayi. Allah ya yi shi falle bisa falle, kamar takardun littafi. Kowane falle yana da ƙarfi ainun, sai dai riƙon da ke tsakaninsu sako-sako ne. Shi ya sa in an ja fensir, fallayen kan saɓule su zauna bisa takarda, rubutu ya fito.

A shekarar 1947 masana suka soma lissafin halin falle guda, amma ware shi ya gagara sai a 2004, lokacin da Andre Geim da Konstantin Novoselov, malamai a jami'ar Mancesta ta Ingila, suka yi ta ɓare girafit da salatif har suka kai ga falle mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya. Shi ne ake kira girafin. Aikin ya ba su lambar Nobel a 2010.

Sai an jera falle wajen miliyan 3 kafin kaurinsu ya kai milimita 1. Ƙwayoyinsa a saƙe suke kamar saƙar zuma, ya fi ƙarfe ƙarfi fiye da sau 100, lantarki na ratsa shi cikin sauri, haske kuma na wucewa ta cikinsa.

To, ina ruwan jihar Tawa? Tun shekarun 1960 Malbaza ke toya siminti, kuma kowane magidanci ya san tsadar buhu. Gwaje-gwaje sun nuna ɗan girafin kaɗan cikin kwaɓi yana ƙara wa kankare ƙarfi. A 2021 an zuba daɓen wani gini a Ingila da irin wannan kwaɓin, aka rage kayan aiki. Ana kuma gwada shi wajen tace gishiri daga ruwa.

Har yanzu girafin mai kyau yana da tsada, samar da shi da yawa kuma da wuya. Amma wajibi ne hukumomi su tanadi yaran da za su fahimci wannan ilimi. Mai noman albasa a Galmi, in ka sayo wa ɗiyarka fensir, ka san ba ƙaramin abu ka ba ta ba.