Da Wane Mudu Muke Auna Fim?

Da wuya a sami al'ummar da ta fi Bahaushe kallon fina-finai iri-iri a ƙasar nan. Tun zamanin da Kwarori suka buɗe gidajen silima a Kano, su Rex da Palace da Plaza da El Dorado, idonmu ya saba da baƙi: kaboyin Amurka, da Indiya mai waƙa da hawaye, da faɗan Canis irin na Bruce Lee. Kaset ya zo ya shigar da silima cikin ɗaki, faifai ya biyo baya, yau ga ta a tafin hannu. Matashin da bai taɓa wuce Zariya ba zai lissafo maka fina-finan Shah Rukh Khan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora da tarihin Ertugrul.

Amma tambaye shi ko fim ya yi kyau. Amsar ba ta wuce uku: ya koyar da darasi, ko ya ɓata tarbiyya, ko jarumin ya burge. Kada a ce wannan halin yara ne. Haka malamai ke magana a taron ƙara wa juna sani, haka ɗalibai ke cika kundin digiri da babin "jigon faɗakarwa" ba tare da sun ce uffan a kan yadda aka ɗauki hoto ko aka tsara magana ba. Mudun da muke awo da shi ke nan, kuma a ganina mudu ne mai ɓulalliyar ƙasa.

Ba ina cewa tarbiyya ba ta da muhimmanci ba ne. Matsalar ita ce, darasi shi ne abu mafi arha a fim. Kowane marubuci, kome raunin alƙalaminsa, zai iya barin mugu ya yi sa'a biyu yana sheƙe ayarsa, kamara na bin motarsa da falonsa kamar mai talla, sannan a minti biyar na ƙarshe ya haɗa shi da haɗarin mota ko tabin hankali, a kawo dattijo mai farin gemu ya yi nasiha. An koyar da darasi ke nan. Amma abin da ya zauna a zuciyar yaron da ya kalla shi ne motar da falon.

A kwatanta wannan da Children of Heaven, wanda Majid Majidi na ƙasar Iran ya yi a 1997. Yaro ne, Ali, ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa Zahra bayan ya karɓo daga wurin mai gyara. Sun san mahaifinsu ba shi da kuɗin sabo, sai suka ɓoye maganar, suka koma karɓa-karɓa da takalmi ɗaya: ita ta je makaranta da safe, ta dawo a guje ta cire masa, shi kuma ya ruga don kada ya makara. Da aka sa gasar tsere, Ali ya shiga da niyyar ya zo na uku, domin kyautar na uku takalmi ce. Sai tsautsayi ya sa ya zo na ɗaya. Ana ɗaukarsa hoto da kofi, shi kuwa kansa a sunkuye. Babu wanda ya tsaya ya yi wa'azi a kan zumunci ko rufin asiri a fim ɗin, amma ban san wani fim da ya fi shi sa mutum ya tuna 'yan'uwansa ba.

Na ambaci Iran da gangan. Masu shirya fim ɗinmu na yawan kuka da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, kuma wasu koke-kokensu na da tushe. Sai dai ƙa'idojin da ɗan fim ke aiki a ƙarƙashinsu a Iran ba su fi namu sauƙi ba: mace ba ta fitowa kai a buɗe, namiji ba ya taɓa ta. Cikin wannan ƙuncin Asghar Farhadi ya yi A Separation a 2011, ya kuma ci kyautar Oscar da shi. Labarinsa irin wanda kotunanmu ke saurara kullum ne: mata na neman rabuwa, miji ba zai bar mahaifinsa mai ciwon mantuwa ba, ga 'ya a tsakiya, ga 'yar aiki matalauciya da ta yi ɓari bayan maigidan ya tura ta waje. Akwai wurin da 'yar aikin ta buga waya tana neman fatawa ko ya halatta ta wanke tsohon da ya ɓata jikinsa. Akwai kuma wurin da aka ce ta dafa Alƙur'ani cewa turin ne ya jawo ɓarin kafin a biya ta diyya, ta kasa, saboda tana da kokwanto, alhali mijinta na nutse cikin bashi. Har fim ya ƙare ba ka iya nuna mugu. Mu kuwa, da dubban fina-finai a kan aure da saki, yawanci tun daga kwalliyar kishiya da kiɗan da ke rakiyarta ka san wadda za ta je wurin boka.

Batun Indiya ya daɗe a bakin masana, daga Brian Larkin zuwa Farfesa Abdalla Uba Adamu, ba sai na maimaita ba. Abin da nake son ƙarawa shi ne mun ɗauko ɓawon mun bar ƙwayar. Mother India na 1957, wanda iyayenmu suka haddace, ba don waƙa kawai ya zauna ba. Labarin manomiya ne da bashin mai ba da rance ya cinye gonarta da shanunta, abin da duk wanda ya ci bashin hatsi da bazara ya biya ninki da kaka zai gane; kuma uwar ce da hannunta ta harbe ɗanta Birju da ya sace 'yar mutane. Sholay na 1975 ya rayu ne saboda an gina mugu, Gabbar Singh, wanda ake jin tsoro da gaske. Sangaya, wanda ya buɗe wa fim ɗin Hausa kasuwa, yana da daɗin kansa, kuma ba na cikin masu raina shi. Amma abin da aka gada daga gare shi rawa da waƙa ne, har aka kai lokacin da ake fara sayen waƙa sannan a nemo labarin da za a rataya mata.

Wani abin ban dariya shi ne, Hausa mafi rai da ake ji a fim yau tana bakin masu fassara fina-finan Indiya ne, irin su Algaita. Ana iya ƙorafi a kan haƙƙin mallaka, ana iya cewa yawancin abin da suke fassarawa duka ne da tashin mota sama. Amma sun san zambo, sun san kirari, sun san yadda ɗan tasha ke magana. Marubutan fim ɗinmu da dama suna sa attajiri da direbansa da kakarsa su yi Hausa iri ɗaya, ta mai karanta labarai.

Sai ɓangaren da ya fi ci mini rai: fina-finan maƙwabtanmu da ba mu kalla ba. A 1972, lokacin da aka fara ba da babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu, ɗan Nijar ne ya ɗauke ta, Oumarou Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame, a kan alhajin da ya auri yarinyar da aka yi wa wani alkawari. Shekara goma sha takwas ke nan kafin Turmin Danya. A 1986 Med Hondo ya yi Sarraounia daga littafin Abdoulaye Mamani, tarihin sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransa a 1899. Mandabi na Ousmane Sembène, 1968, dattijo ne aka aiko wa kuɗi daga Faris, ya kasa karɓa saboda ba shi da katin shaida, katin kuma ba ya samuwa sai da takardar haihuwa, kafin ya ankara maƙwabta sun ci kuɗin da baki. Wanda ya taɓa bin layin tantance 'yan fansho zai rantse a garinsu aka yi shi. Ko namu na gida, Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976, ɗalibai nawa ne suka gan shi?

Ba kuma duk abin da Turawa suka yaba ne ya wuce awo ba. Timbuktu na Abderrahmane Sissako, 2014, yana da wurin da ba a mantawa, inda yara ke buga ƙwallo babu ƙwallo saboda masu bindiga sun haramta ta. Amma hamadarsa ta cika kyau, tantin makiyayin ya cika tsafta. Akwai ƙanshin an gyara shi ne domin idon baƙo. Mai sharhi daga Sahel ne zai iya faɗin haka, ba na Faris ba.

Ga shi kuwa ƙofa ta buɗe mana. A 2019 aka cire Lionheart daga gasar Oscar saboda Turanci ya yi masa yawa. Shekarar da ta biyo baya Nijeriya ta aika The Milkmaid, a 2024 kuma Mai Martaba, duka da Hausa. Sharhi nawa aka rubuta a kansu da Hausa, wanda ya wuce taya murna?

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Masana'antar ƙarama ce, kowa ya san kowa. Wanda zai yi sharhi yau, gobe shi ne baƙo a walimar furodusa. In ya daure ya ce labari ya yi rauni, a ce hassada ce, magoya bayan jarumi su yi masa ca a Facebook. Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, ta yi ƙoƙari, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Faransa, su Truffaut da Godard sharhi suka fara rubutawa a mujallar Cahiers du Cinéma, suna caccakar manyansu, kafin su riƙe kamara su sauya fim ɗin ƙasarsu.

Rashin mai sharhi ya fi cutar da masu ƙoƙari. Kwana Casa'in na tashar Arewa24 ya nuna ana iya taɓa siyasa da aikin jarida da asibitin gwamnati cikin hikima, a jihar da aka ƙirƙira mai suna Alfawa. Amma tunda yabon da aka yi masa shi ne dai wanda ake yi wa kowa, me zai hana mai shiri a YouTube ya kashe minti goma a buɗe ƙofar gida, da fakin, da gaisuwa, ya ja labarin mako shida ya kai shekara biyu?

Roƙona ga editocin jaridunmu na Hausa, har da wannan, shi ne su ware rabin shafi kowane mako domin sharhin fim guda, na gida ko na waje, sabo ko tsoho. Sharaɗin kawai, mai rubutun ya kalli fim ɗin har ƙarshe, kuma jarida ce za ta biya shi, ba mai fim ba.