Wa Ya Ci Ribar Dalar Gyaɗa?

Kusan dukkanmu mun taɓa ganin hoton dalar gyaɗa ta Kano a littafin tarihi: buhu bisa buhu har sama, ana jiran jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Legas, daga can sai Turai. Mukan kalla mu yi alfahari. Amma mai ra'ayin gurguzu, da ya ga hoton, tambaya uku zai yi: wa ya noma, wa ya yi dakon buhunan, wa ya ci riba?

Tushen ra'ayin ke nan. Masu shi suna cewa arziki daga gumin manomi da ma'aikaci yake fitowa, don haka bai kamata 'yan tsiraru su mallake shi ba. A zamanin dalar, hukumar sayen amfanin gona ce ke yanke farashi, sau da yawa ƙasa da na kasuwar duniya. Daga ɗan abin da manomi ya samu kuma zai cire haraji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Irin wannan koke ne ya haifi jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta. Ta fito fili ta ce akwai gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da mulkin En'e. 'Ya'yanta sun sha ɗauri da bulala. A 1979 magajiyarta, PRP, ta ci zaɓen gwamna a Kano da Kaduna, inda Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali.

Ra'ayin bai rasa masu suka ba. Suna cewa in gwamnati ta riƙe komai, himma takan mutu, bakin jama'a kuma ya rufu. Sukan kafa hujja da Tarayyar Sobiyet, wadda ta wargaje a 1991.

Mu 'yan wannan ƙungiya ba mu ce kowa ya karɓi gurguzu ba, ba mu kuma ce a yi watsi da shi ba. Roƙonmu ɗaya ne: duk lokacin da malam ya ambaci sarkin da ya gina ganuwa, mu ɗaga hannu cikin ladabi mu tambayi waɗanda suka kwaɓa ƙasar. In da tsoho a gidanku da ya ga zamanin haraji, ku ji daga bakinsa, ku rubuto mana. Za mu liƙa a wannan allo mako mai zuwa.