Abin da ɗalibin Jamusanci kan koya a gidan mai masauki

Ɗalibin da ya tashi daga Yamai ko Damagaram zuwa Jamus don koyon Jamusanci kan isa da nahawu a ka da takardar shaida a jaka. Makarantu irin su Goethe-Institut suna auna ƙwarewa bisa matakai shida na tsarin Turai da aka wallafa a 2001, daga A1 zuwa C2, jami'o'i kuma kan nemi jarrabawar DSH ko TestDaF kafin su karɓi baƙo. Amma ɗalibin da aka sauke a gidan wani iyali yakan gano tun makon farko cewa takardar ba ta shirya shi zaman cin abinci da mutanen gida ba. Wannan giɓi shi ne abin da Dell Hymes ya yi bayani a kai a 1972: sanin ƙa'idojin jimla daban, sanin abin da ya dace a faɗa, ga wa, a wane lokaci, shi ma daban. Na biyun ake koyo a gidan mai masauki, kuma kuskure a cikinsa yana iya jawo yunwa ko ɓacin rai.

Matsala ta farko ita ce kiran suna. Jamusanci yana da wakilin suna biyu na wanda ake magana da shi: «du» na sabo da kusanci, da «Sie» na girmamawa. Wanda ya yi karatu da Faransanci ya san irin wannan rabo tsakanin «tu» da «vous», Bahaushe ma yakan ce wa babba «ku» ko da shi kaɗai ne. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen sauyawa. A al'adar Jamusawa babba ne ke ba da izinin komawa «du», kuma iyalai da yawa kan ba da shi tun ranar farko, su haɗa da roƙon a kira su da sunansu na yanka. Ga wanda ya tashi a gidan da ambaton sunan sa'an mahaifi rashin kunya ne, wannan nauyi ne a baki. In ya ci gaba da «Sie» don ladabi, uwar gida na iya ɗauka yana nisanta kansa da su ne. Ladabin da ya zo da shi daga gida sai ya isar da akasin abin da yake nufi.

Haka lamarin tayi yake. A ƙasar Hausa baƙo kan ce «alhamdu lillahi, na ƙoshi» a tayin farko, yana sane da cewa za a sake, mai gida ma ya san kunya ce ta yi magana. A teburin Jamusawa «nein, danke» amsa ce cikakkiya, sai a ɗauke kwano. Kalmar «danke» ita kaɗai ma, a matsayin amsar tayi, sau da yawa ƙi take nufi; mai so sai ya ce «ja, bitte» ko «gerne». Ga shi kuma a gidaje da yawa abincin dare, wanda suke kira «Abendbrot», burodi ne da cuku da yankakken nama mai sanyi. Ɗalibi Musulmi yana bukatar wasu kalmomi da littafin aji ba ya gaggawar koyarwa: «Schwein» alade ne, «Schinken» da «Speck» da yawancin «Wurst» daga namansa ake yin su. Faɗin haka ƙarara tun ranar farko ba ya ɓata wa mai masauki rai. Abin da ke damunsa shi ne ya ga an bar abinci bai san dalili ba.

Gaisuwa ma tana da nata bambanci. Bahaushe kan jera tambayoyi, kwana da gajiya da iyali da sanyi, amsar kuwa «lahiya lau» ce ko da jiki ba daɗi. Bajamushe kan taƙaita, kuma «Wie geht's?» tambaya ce da za a iya amsawa da gaskiyar halin da ake ciki. Kalmar gaisuwar kanta tana sauyawa da wuri: «Moin» a Hamburg da arewa, «Grüß Gott» a Bayern da kudu. Nan ɗalibi ke haɗuwa da karin harshe. Daidaitaccen Jamusanci ake koyarwa a aji, amma kakar gida a wani ƙauyen Bayern ko Schwaben tana iya yin magana baƙo ya rasa ko kalma guda. Wanda ya san tazarar Hausar Ader da ta Kano, ya san yadda «f» ke zama «h» ko «hw» a bakin mutanen yamma, ba zai ɗauki wannan a matsayin gazawarsa ba.

Lokaci kuwa tarko ne na harshe da na al'ada gaba ɗaya. «Halb acht» a zahiri «rabin takwas» ne, ma'anarsa bakwai da rabi, domin Jamusanci yana ƙirga rabin zuwa sa'a mai zuwa. Wanda ya fassara shi da tunanin Hausa ko na Faransanci zai makara da sa'a guda cur, a gidan da jinkirin minti goma ma ke bukatar uzuri. Akwai kuma ƙa'idojin da kowa ya ɗauka an sani: shaguna a rufe suke ranar Lahadi, ana kiyaye shiru daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, ana raba shara gida-gida, takarda daban, roba daban, ragowar abinci daban, gorar ruwa kuma ana mayar da ita shago a karɓi santi 25. Kowace ƙa'ida tana tafe da kalmominta, a gida ake jin su kullum.

Sai dai Bahaushe bai zo hannu rabbana ba. Kunnensa ya saba da bambancin dogon wasali da gajere, wanda ke raba «dafa» ta girki da «dafa» ta ɗora hannu, don haka «Stadt», birni, da «Staat», ƙasa, ba za su rikita shi ba. Faransanci ya riga ya ba shi sautukan da suka yi kusa da «ü» da «ö». Babbar ribarsa ita ce ƙananan kalmomin da ke gyara zance. Hausa tana da «dai», «fa», «kam», «kuwa», «ma», waɗanda akan yi wa laƙabi da gishirin Hausa. Jamusanci yana da «doch», «mal», «ja», «halt», waɗanda Harald Weydt ya yi nazarinsu a littafinsa na 1969. «Setz dich» umurni ne tsurarsa. «Setz dich doch» ya yi kusa da «zauna mana». «Das ist halt so» kuwa «haka dai abin yake» ne. Ba su dace ɗaya bisa ɗaya ba, ƙamus ma ba ya iya fassara su sosai, amma wanda harshensa ke da irinsu ya san aikin da suke yi, abin da ya rage masa shi ne saurare.

Wannan hanyar koyo tana da tarihi a tsakanin harsunan biyu. A 1855 Heinrich Barth ya koma Turai tare da Dorugu, yaro ɗan ƙasar Damagaram, wanda daga baya ya zauna a Ingila a gidan J. F. Schön, ɗan mishan haifaffen Jamus. Daga bakinsa Schön ya rubuta labarai da yawa da suka fito a Magana Hausa a 1885. A wancan karon mai masauki ne ya koyi harshe daga baƙonsa, ta hanyar zama ɗaya da hira ta yau da kullum.

Ɗalibin ilimin harsuna da ya samu irin wannan zama yana da filin bincike a hannunsa. Zai amfana in ya riƙe ɗan littafi, yana rubuta kowace magana da ta ba shi mamaki, da wanda ya faɗe ta, da wanda aka faɗa wa, da abin da ya biyo baya, sa'annan ya tambayi mutanen gida da yamma. Yawancinsu ba su taɓa lura da «halt» ɗin da suke faɗa sau da yawa a yini ba, kamar yadda Bahaushe ba ya lura da «dai» ɗinsa sai baƙo ya tambaye shi ma'anarta.