Gaskiya ko Jita-jita: Wace Na'ura Ce Ta Riƙe Ragamar Rumbun Bayanai?

Manyan bankuna da kamfanonin jiragen sama ba sa barin bayanansu warwatse a cikin kwamfutoci. Rumbunan fayafai suna gefe guda, manyan kwamfutocin aiki suna ɗaya gefen, sai wata hanyar sadarwa ta musamman a tsakani, wadda masu sana'ar ke kira SAN. Na'urar da duk wayoyin ke haɗuwa a jikinta, bari mu kira ta mahaɗa. A farkon shekarun 2000 an yi ta ja-in-ja a Amurka kan wace ce cikin ukun nan za ta riƙa raba wuri, ta kwafi bayanai, ta kwashe su daga wannan rumbu zuwa wancan.

Masu zuba jari da yawa suka ce mahaɗa ce, tunda babu bayanin da ba ta jikinta yake wucewa ba. Kuɗi kuwa suka bi maganar, aka yi ta sayen kamfanonin ƙera mahaɗai. A 2002 Cisco ya sanar zai sayi Andiamo, cinikin da aka kammala a 2004 kan kusan dala miliyan 750. A Nuwamban 2002 Brocade ya taya Rhapsody kan kimanin dala miliyan 175, McData ma ya sayi Sanera da Nishan a 2003.

Jita-jita ce, kuma ta ci dukiya. EMC ya fito da Invista a 2005 a kan irin waɗannan mahaɗai, kasuwa ba ta karɓe shi ba, a 2010 ya koma ga VPLEX, na'ura mai zaman kanta. IBM tun 2003 ya zaɓi wannan hanya da SAN Volume Controller, wadda har yau ake sayarwa. Hitachi kuma a 2004 ya ɗora aikin a kan rumbun kansa.

Dalilin farko na ƙira ne. An yi mahaɗa don ta miƙa saƙo nan take, ba ta da babbar ma'adanar wucin gadi, alhali kwafi da kwasar bayanai sai da ita. Amma abin da na fi ganin masu jari sun yi wa riƙon sakainar kashi shi ne yadda kasuwar take. A lokacin Brocade yana sayar da yawancin mahaɗansa ne ta hannun EMC da IBM da HP, wato masu ƙera rumbunan, su kuwa ribarsu tana cikin manhajar kwafi da kwasar bayanai da ake son a karɓe musu. Wa zai yi dillancin abin da zai karya masa jari?

An kuma yi ta cewa Fibre Channel, fasahar waɗannan mahaɗai, kwananta ya ƙare da zuwan fasahohin iSCSI a 2004 da FCoE a 2009. A nan akwai ƙamshin gaskiya, domin ƙananan kamfanoni da dama sun koma iSCSI saboda araha. Bankuna dai ba su motsa ba. Gudun Fibre Channel ya tashi daga gigabit 1 zuwa 64, kuma a 2017 Broadcom ya sayi Brocade kan kusan dala biliyan 5.9.

Ɓangaren da aka fi rainawa, wato manyan kwamfutocin, shi ya kwashi kaso mai tsoka na aikin ta hanyar manhajar VMware, wadda ke iya ƙaurar da bayanai tsakanin rumbuna ba tare da an kashe komai ba. EMC ya sayi VMware a 2004 kan dala miliyan 600 da ɗoriya, ƙasa da abin da Cisco ya biya wa Andiamo a wannan shekarar.