Daga Shagon Atamfa Zuwa Jami'ar Amurka: Abin da Na Koya a Shekara Uku

Ranar da babbar 'yata ta ce mini tana son neman shiga jami'a a Amurka, ina zaune a shagona na atamfa a Kumasi, ina lissafin bashin da ake bi na. Dariya na yi, na ce, "Ke dai ki gama sakandaren tukuna." Ta ce, "Baba, in na jira sai na gama, na makara." Lokacin tana aji ɗaya na babbar sakandare. Gaskiyarta ce, kuma dalilin rubutun nan ke nan.

Mu 'yan kasuwa mun saba da hanyar Gana. Tun 2017 babbar sakandare kyauta ce a makarantun gwamnati, yaro ya yi shekara uku, ya zauna jarrabawar WASSCE. Ana haɗa makin darussa shida, mai A1 a duka shida yana da maki 6, shi ne mafi kyau. Mai son likitanci a KNUST ko Legon sai ya kasance a kusa da nan. Wato jarrabawa ɗaya ce ke yanke hukunci.

Manyan jami'o'in Amurka ba haka suke ba. Harvard, misali, a shekarun nan ba ta ɗaukar ko mutum 5 cikin 100 na masu nema, kuma akasarin waɗanda ta ƙi haziƙai ne. Suna duba sakamakon kowane zango tun daga aji ɗaya. Yaron da ya yi wasa a shekarar farko yana cewa zai rama a ƙarshe, takardarsa za ta tona masa asiri.

Bayan sakamakon makaranta akwai jarrabawar SAT, Turanci da lissafi, makinta daga 400 zuwa 1600. Tun 2023 a kwamfuta ake yin ta a ƙasashenmu. Bayan annobar korona jami'o'i da yawa sun ce ba dole ba ce, amma MIT ta mayar da ita wajibi a 2022, Harvard ma ta bi sahu a 2024. 'Yata ta zauna sau biyu. Karon farko lokaci ya ƙure mata a sashen Turanci, don karatun da sauri yake so. Maganin da ta samu shi ne karanta littafi da jarida kullum bayan sallar isha'i, har wata shida.

Akwai kuma wasiƙun shaida daga malamai biyu da wani jami'in makaranta. Nan yaranmu ke shan wahala, domin mun tarbiyyantar da su kan kunya. Ajin da ya cika maƙil, yarinya ba ta ɗaga hannu, malami me zai rubuta a kanta? Wani malaminta ya ce mini, "Alhaji, na san makinta, amma ban san muryarta ba." Daga ranar na ce mata kunya a gida ado ce, a aji kuwa asara ce.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zancen shago. Mafi yawan jami'o'in nan ta Common App ake neman su, manhaja ɗaya da ke buɗewa 1 ga Agusta; MIT ce ke da nata fom daban. A ciki akwai gurbin ayyuka goma da ɗalibi yake yi bayan aji, da maƙala wadda ba ta wuce kalma 650 ba. Yarinya ta zauna tana kuka, wai ita ba ta da komai, ba ƙungiyar muhawara, ba wasan ƙwallo, ita dai duk hutu tana shago.

Da ta je cibiyar EducationUSA, wadda ke ba da shawara kan karatu a Amurka kuma tana da ofis a Akra da Kumasi, aka tambaye ta me take yi a shagon. Ta ce tana ciniki da Hausa da Tuwi da Turanci, da ɗan Faransanci in 'yan Burkina sun zo, kuma ita ke koya wa ƙannenta da yaran maƙwabta lissafi ranar Asabar. Aka ce mata ai wannan shi ake nema, hidimar gida da ta sana'ar iyaye duk suna cikin lissafi. Maƙalarta a kan matan da ke karɓar atamfa bashi su biya bayan sallah ta rubuta, da yadda ta koyi gane wadda za ta biya. Na karanta, na yi shiru, don ban san tana lura da mu haka ba.

Yanzu ga inda ni na kusa ɓata mata. Kuɗin shekara ɗaya a irin waɗannan jami'o'i, da kwana da ci, ya haura dala 80,000. Ba ni da shi, ba na kusa da shi. Sai dai kaɗan daga cikinsu, kamar Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst, ba sa duba aljihun uba kafin su ɗauki ɗalibi ko daga wace ƙasa yake, kuma suna cike giɓin da iyaye suka kasa. Sauran kuwa suna duba buƙatar kuɗin baƙo wajen yanke shawara. Ko ta ina, sai ka cike fom, galibi wanda ake kira CSS Profile, ka faɗi ribarka ta shekara, da kadararka, da mutanen da kake ciyarwa.

To, ni shekara ashirin lissafina a ka yake. Kuɗi na shiga ta waya, wasu a hannu, wasu a adashi. Aka ce na kawo shaida, na rasa abin nunawa. Sati uku muka yi da ita da wani mai aikin akanta muna tono tsofaffin rasit da bayanan banki, ga wa'adin farko na 1 ga Nuwamba ya wuce mu. Dole muka koma na farkon Janairu. Ranar ta ce, "Baba, ni na yi nawa." Maganar ta zauna mini a ƙirji har yau.

A ƙarshen Maris sakamako ya fito. Takwas ta nema. Manyan nan da kowa ya sani duk sun ƙi ta, ta kwana biyu ba ta cin abinci. Wata ƙaramar kwaleji ce ta ɗauke ta, da tallafin da ya rufe kuɗin makaranta da ɗaki da abinci, ya rage mana kuɗin jirgi da kayan sanyi. Da ba a samu ba, da ma ta shirya neman KNUST da Ashesi, kuma ina ba kowa shawara kada ya saki reshen gida yana hangen na waje.

'Yan uwana 'yan kasuwa, in kuna da yaro mai kai, ku fara tun aji ɗaya. Ku riƙa karɓar sakamakonsa kowane zango kuna ajiyewa. Ku yi masa fasfo da wuri, don da shi ake shiga SAT kuma sunan ya zama iri ɗaya a duk takardu. Ku tambayi yafiyar kuɗin fom, akwai ta. Sannan ku sayi littafi ku fara rubuta ciniki. Ƙaninta yana aji ɗaya bana, kuma shi ke riƙe da littafin shago yanzu. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka.