Babbar Talabijin a Gidan Gem: Shawara ga Matasan Ƙasar Ruma Kafin Su Zuba Jari

Tun da rashin tsaro ya hana jama'a da yawa zuwa gonakin da ke dab da dajin Rugu, matasan ƙasar Ruma suka shiga neman sana'ar da za a yi a cikin gari, a cikin shago, kusa da gida. Ɗaya daga cikinsu ita ce gidan gem: ɗaki guda, benci biyu, na'urar PlayStation, talabijin da ɗan janareto. A Batsari da Safana, kamar sauran garuruwanmu, wasan ƙwallo ne ke kawo kuɗin, wato FIFA, wanda aka sauya wa suna zuwa EA Sports FC a 2023, da kuma PES. Jarin kuwa sau da yawa na rance ne, ko kuɗin dabbar da aka sayar. Shi ya sa tambayar da ke gaban mai buɗe shago ta cancanci a tsaya a kanta: shin ya sayi talabijin mai inci 55 don ta ja hankalin yara, ko kuwa ya tsaya a ƙarama?

Akwai ra'ayin da ya yaɗu cewa babbar talabijin "nauyi" gare ta, ka danna yanzu, ɗan wasa ya buga anjima. Abin da suke gani gaskiya ne, amma an ɗora laifin a inda ba shi ba. Faɗin allo ba ya jawo jinkiri. Abin da ke jawo shi shi ne aikin da ƙwaƙwalwar talabijin ke yi wa hoto kafin ta nuna shi. Talabijin ta zamani ba ta sakin hoto yadda ya zo mata. Sai ta riƙe shi, ta gyara launi, ta share dishi-dishi, ta faɗaɗa shi ya cika allo, wani lokaci ma ta ƙirƙiri wasu hotuna ta cusa tsakanin na asali don motsi ya yi santsi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana cin lokaci. Da yake manyan talabijin ne aka fi cika wa irin wannan ƙawa, sai aka ɗauka girman ne matsalar.

Bari mu sa lissafi. Wasan da ke fitar da hoto 60 a daƙiƙa yana sauya hoto kowane milisakan 17, kusan. Idan an kunna duk kayan gyaran hoto, talabijin na iya jinkirta abin da ka danna da milisakan 100 ko fiye, wato hotuna shida. A rubuce abin kamar ba komai. Amma mai tsaron gida da ke jiran bugun fenariti, ko mai son yanke ƙwallo kafin ta wuce, a cikin hotuna shidan nan ake cinye shi. A shagunan da al'adarsu ita ce wanda aka ci shi ke biya, wannan jinkiri kuɗi ne daga aljihun yaro, kuma shi ne mafarin gardamar da ke ƙarewa da jifa da fad.

Me ya sa talabijin ɗin da ta yi kyau a gidan kallo take ba da kunya a gidan gem? Wasan Firimiya da ake kallo daga Ingila ya riga ya makara da daƙiƙoƙi kafin ya sauko ta tauraron ɗan Adam, kuma babu wanda ya damu, domin mai kallo ba ya ba da umarni. Mai wasa kuwa yatsansa da idonsa a ɗaure suke da juna.

Haka nan a daina cewa "netwok ne". Lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina a watan Satumba na 2021, har da Batsari da Safana, babu abin da ya hana mutum biyu zama a benci ɗaya su kara, domin wannan wasa ba ya buƙatar intanet. Jinkirin da ake ji a irinsa tsakanin fad da allo yake.

Maganin kuma yana nan cikin saitin talabijin, kyauta. Yawancin na LG da Samsung da Hisense suna da wani zaɓi da aka rubuta Game Mode, wanda ke kashe gyare-gyaren ya bar hoto ya wuce. A talabijin mai kyau jinkirin kan sauko ƙasa da milisakan 20. Launi zai ɗan dushe, mai shago zai ji kamar an rage wa kayansa kwarjini, amma wasa zai dawo hannu. Sababbin talabijin masu ma'aunin HDMI 2.1, wanda aka fitar a 2017, suna iya shiga wannan yanayi da kansu idan an haɗa su da PlayStation 5. Sai dai shago nawa ne a Ruma ke da ita?

A nan ne maganar ta fi shafarmu. Na'urorin da jarin matasanmu ke iya kaiwa gare su na hannu ne: PlayStation 4 ta 2013, PlayStation 3, har da PlayStation 2 ta shekarar 2000. Ita ta ƙarshen an ƙera ta ne don tsohuwar talabijin mai ƙusumbi, kuma da wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, aka fi haɗa ta. Idan aka jona ta da babban allo na zamani, dole talabijin ta sake haɗa hoton ta kumbura shi, sai a samu jinkiri da hoto mai hazo a lokaci guda. Tsohuwar mai ƙusumbin da aka jingine a zaure kusan ba ta da jinkiri ko kaɗan, domin tana zana hoto ne yayin da yake isowa. Ga mai PlayStation 2, ita ce ta fi, ko da abokai za su yi dariya.

Girman yana da tasa illar ta wata fuskar. Talabijin mai inci 55 faɗinta ya kai santimita 120, kuma tana son a zauna nesa da ita da mita biyu ko fiye. A shagon da benci ke gab da bango, mai wasa ba zai ga filin gaba ɗaya ba sai ya riƙa juya kai, kuma wannan ma jinkiri ne, na ido. Sannan ga wuta: tana iya jan ninki biyu na abin da mai inci 32 ke ja, ko fiye. Inda wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce, kuma man fetur ya yi tashin gwauron zabo tun cire tallafi a watan Mayun 2023, kowane wat da aka ƙara riba ce ta tafi. Mai amfani da sola ma batirinsa zai gaya masa kafin isha'i.

A ganina, kuɗin babbar talabijin guda ya fi amfani idan aka raba shi aka sayi biyu masu inci 32 ko 43, domin benci biyu na wasa sun fi benci ɗaya shigo da kuɗi. Wanda ke da faffaɗan ɗaki, yana kuma son ya haɗa gem da rana da nuna ƙwallo da dare, ya sayi babbar, babu laifi, muddin tana da yanayin wasa.

Kada dai a saya da ido. Mai zuwa Katsina ko Sabon Garin Kano ya tafi da na'urarsa da fad ɗinsa, ya ce a jona masa. Ya nemi Game Mode da kansa. Wasu talabijin marasa suna, masu araha, ba su da shi sam. Ya buga minti biyar a kunne, biyar a kashe. In wayarsa na ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya, ya ɗauki yatsansa da allon tare, zai ga tazarar ƙarara. Ɗan kasuwar da ya ƙi yarda a gwada, a wuce shagon gaba.