Ko Kun Sani? Gumel Ba Ta Taɓa Shiga Daular Sakkwato Ba

Ko kun san cewa a ƙarni na 19, lokacin da Kano da Haɗeja da Kazaure ke ƙarƙashin tutar Sakkwato, masarautar Gumel gabas take fuskanta? Sarakunanta Mangawa ne, kuma Borno suke yi wa mubaya'a, daular da ta kafa hedikwatarta a Kukawa, kusa da Tafkin Chadi. An kafa masarautar wajen 1750, kuma jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai ci ta ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba a garin Gumel na yau sarautar ta fara zama ba. Sai a 1845 aka dawo da fadar daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar. Shekara shida bayan haka, a 1851, Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya ratsa ta Gumel a hanyarsa ta zuwa Kukawa, ya tarar da kasuwarta cike da fatake.

Zaman bai zo da sauƙi ba. Gumel ta daɗe tana gwabzawa da Haɗeja, ta kuma sha hare-haren Damagaram, kafin Turawan Ingila su iso a 1903.

Jinin fataucin nan yana nan. Duk ranar Alhamis kasuwar dabbobi ta Maigatari, da ke cikin masarautar Gumel, na tara 'yan kasuwa daga Najeriya da Nijar. Ya kamata 'ya'yan Gumel su riƙa jin wannan tarihi tun daga firamare.